Yadda Muka Daɓe Fadamar Maƙoshi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da madaɓi ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya sa wa kowace tafiya iyaka. Bayan haka, ni ce Tasalla 'yar Cindo, mutuniyar Kwarin Ɗorawa a ƙasar Zangarma, wadda ke bayan tekuna biyu da wani daji da har yau ba a raɗa masa suna ba. Fatake kan tsaya ƙofar gidana su tambayi wanda ya fara yin hanyar da damina ba ta cinyewa. Wasu sun ce sarki ne, wasu sun ce aljanu. To, ga yadda aka yi.

Sana'ar gidanmu daɓe ce. In za a kai amarya mu ake kira, mu zuba tsakuwar rafi da jar ƙasa a ɗaki, mu yayyafa makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, mu durƙusa mu yi ta bugu muna waƙa har ƙasa ta yi sulɓi kamar bayan ƙwarya. Shugabarmu ƙanwar mahaifina ce, Gwaggo Tabawa, ita ta rene ni. Gwajinta ɗaya ne. In an gama sai ta zuba ruwa ludayi guda a tsakiyar ɗaki. In ya tsaya cik inda aka zuba shi, an yi aiki. In ya gangara ko da taƙi ɗaya, a fasa a sake.

Mijina mai ɗaura amya ne. Sunansa ba zai fito bakina ba, amma mutane Mai-zuma suke ce masa. Watanmu tara da aure ya faɗo daga kan rimi a Tsibirin Amya, ƙafafunsa biyu suka mutu.

Tsakanin garinmu da tsibirin nan akwai fadamar da ake kira Maƙoshi, tafiyar safe zuwa azahar. Ba ruwa ba ce da jirgi zai bi, ba ƙasa ba ce da za a amince mata. Da rani takan yi ɓawo a sama, mai ɗaukar mutum ɗaya in bai ɗauko kaya ba. An gwada ɗauko Mai-zuma sau ɗaya a kan ƙyaure, ba a yi taku ashirin ba na gaba ya nutse har ƙirji, da igiya aka jawo shi. Abin da ya hana ni barci kuwa shi ne Gulbin Bakwai. Duk damina ta bakwai yakan cika ya shanye tsibirin har ƙololuwar ɗakuna. Mutanen can sun saba, da an yi ruwan farko sai su fito da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ba shi da ƙafar fita, ga shi damina ta biyar ta riga ta wuce.

Na ce da Gwaggo, "Mu daɓe fadamar."

Ta dube ni ta ce, "Ke, 'yar nan, fadama ɗakin amarya ce?" Amma da gari ya waye ita ta fara fitowa da madaɓinta.

Mu mata sittin muka kwashe rani muna bugu. Muka yi hanya mai faɗin tabarma biyu, sumul, ba tudu ba kwari. Gwaggo ta zuba ludayinta a wuri goma, ko'ina ruwa ya tsaya, aka yi guɗa. Saura kaɗan mu kai tsibiri damina ta shida ta sauka. Ruwa ya kwanta a kan aikinmu kwana uku, a rana ta huɗu muka fito ba mu ga ko alamarsa ba.

Kafin ɓawon fadama ya gama jiƙa na tsallaka na same shi. Yana kwance a rumfar wata tsohuwa mai saƙar taru, wadda ke kula da shi.

Ya ce, "Na ji an ce kin yi wa kwaɗi ɗakin amarya."

Na ce, "Maigida, ba lokacin wasa ba ne. Zan tafi in nemo inda aka iya."

"In ba a iya ba ko'ina fa?"

Ya kama bakin zanena ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, "In kin ga ba za ki dawo a kan lokaci ba, kada ki yi gudu ki faɗi. Gurgu ɗaya ya ishi gida."

Na fita da madaɓina da jakar ɓawon ɗorawa, na nufi gabas. Wata goma sha ɗaya ke gabana.

Bayan kwana goma sha tara na shiga Kurmin Gungume, inda itatuwa ke da kaurin rumbu, rana ba ta taɓa ƙasa. Can na fara ganin hanya a kan laka: gungume ne aka jera gefe da gefe. Murna ta sa na hau na yi ta tsalle a kai. Ban ankara ba sai ga ƙarti da gatura sun kewaye ni, suka kai ni gaban shugabansu, Sarkin Gatari.

Ya ce, "Baƙuwa, kin taka hanyarmu. A nan duk wanda ya taka, sai ya sare itace ɗaya ya mayar, don gara na cin hanya kullum."

Na dubi itacen da aka nuna mini. Namiji mai ƙarfi wata guda yake yi a kansa, ni kuwa ko wata uku ba zan gama ba. Na kwana biyu ina sara, hannuna ya yi ƙanta, ko ɓawon ban ratsa ba. A rana ta uku na ga uwar sarkin, tsohuwa tukuf, tana fito da tabarmarta tana kakkaɓe gara tana zage-zage. Na leƙa ɗakinta, ƙasa ce tsura, duk ramuka.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, in na hana gara shiga ɗakin Iya, ya tsaya a madadin itacen?"

Aka yi dariya. Tsohuwar ta ce, "Ku bar ta ta gwada. Ku da gaturanku shekara nawa kuna kallo ana cinye ni da rai?"

Kwana huɗu na yi ina bugu ni kaɗai, na ƙarar da rabin makubata. Muka jira kwana biyar, gara ba ta huda ba. Tsohuwar ta raka ni bakin kurmi da kanta. A hanya na tambaye ta abin da ke hana gungumen nutsewa. Ta sa sanda ta tona gefen hanya, sai ga dammunan kara da ciyawar iwa an gicciya su a ƙasa, hawa uku. Ta ce, "Laka ba ta haɗiye abin da ya fi bakinta faɗi. Itacen na ado ne da taurin kan maza."

Daga nan na hau duwatsu. Wata biyu sun tafi lokacin da na isa Birnin Giɓi. Hanyoyinsu na fasasshen dutse ne, ƙafa ba ta zamewa, ruwan sama na dukansu ba sa motsi. Abin mamaki, duk wanda ya yi mini murmushi a garin, babba da yaro, ba shi da haƙoran gaba. Dalili kuwa shi ne da baki suke awo: dutsen da bai shiga baki ba ya yi girma da a zuba a hanya. Dokarsu ita ce baƙon da ya shigo ta hanyarsu ba ya fita sai ya fasa kwando bakwai, kuma mai duba aikin wata tsohuwa ce mai ɗan ƙaramin baki, Uwar Awo. Takan zaro dutse ɗaya daga kwando ta kai baki. In bai shiga ba, ta kifar da kwandon duka.

Ta kifar mini da kwando huɗu a kwana shida. Kowace safiya nakan dubi gabas in ga hadari, in tuna wani hadarin na tafe wanda ba zai jira ni ba. Sai na yi wayo. Na gangara rafi na cika kwando da tsakuwa mulmulalliya irin tamu ta daɓe, kowace ɗaya ta shiga baki har da saura.

Uwar Awo ta duba ta ce, "Jikata, wa ya koya miki wannan ha'inci? Zuba a ƙasa ki taka."

Na zuba na taka, tsakuwa ta watse, na zauna daɓas. Masu fasa dutse suka yi ta dariya da giɓinsu a waje. Ta sa aka zuba nasu, ta ce in sake takawa. Na taka, na ji ya cije.

Ta ce, "Mai sulɓi ba ya riƙe ɗan'uwansa. Mai kaifi shi ke riƙewa."

Na koma gindin dutsena ina hawaye, ina juya awarwaron da ke hannuna, na farin ƙarfe, wanda Mai-zuma ya kawo mini ran da ya fara zuwa zance, ya kasa miƙo mini har sai da na miƙa hannu da kaina. Ina juya shi sai na lura da faɗinsa. Na tuɓe, na matse shi da guduma kaɗan-kaɗan, na je na roƙi Uwar Awo ta buɗe baki. Na daidaita shi da bakinta. Daga ranar duk dutsen da na fasa sai na zura shi ta cikin awarwaro, wanda ya wuce ya shiga kwando, wanda ya maƙale ya sha guduma. Kwana biyar na cika bakwai, ba ta kifar da ko ɗaya ba.

Garin ya taru a kaina. Wata mai goyo ta buɗe bakin 'yarta ta nuna mini haƙora biyu sababbi, waɗanda yanzu dutse ba zai karya ba. Suka ce ba zan tafi da awarwaron ba sai maƙera sun ƙera irinsa, kuma na asali zai zauna wurin Uwar Awo. Ba ni da kwanakin gardama. Na bar shi na fita, ina ta shafa wuyan hannuna.

Yanzu na san abin da zan sa a ƙasa, na san abin da zan zuba a kai. Na yi niyyar juyawa gida, amma damina ta cika koguna a bayana, dole na zaga ta kudu. Zagayen ya ci mini wata biyu, har da zazzaɓin da ya kwantar da ni a wani ƙauyen masunta. Ina tashi na faɗa Kwarin Kififfiya.

A can kififfiya, wato kunkurun ruwa, takan kai girman gida mai ɗaki huɗu. Suna kwance a bakin kogi kamar tuddai, har ciyawa na tsirowa a gefen ƙoƙonsu, mutane na shanya hatsi a kansu. Hanyar ƙasar kuwa ban taɓa ganin mummunan aiki irinta ba. Tsakiyarta a tashe, gefe da gefe a gangare, ga lambatu hagu da dama. Na tarar da wani dattijo yana gyaran ta, Baba Anaruwa.

Na gaishe shi na ce, "Baba, wa ya yi muku wannan? Da a garinmu ne da an fasa an sake. Doro gare ta."

Ya ce, "Ai kuwa. Ke kuma wa ya yi miki baki haka?" Ya dubi sama ya ce, "Tsaya nan tsakiya, kada ki gusa."

Hadari ne na ƙarshen damina, ya sauko da la'asar kamar da bakin ƙwarya. Kafin in ɗaure ɗankwalina kwarin ya zama teku. Na so in ruga, ya daka mini tsawa. Na tsaya ina duban ƙafafuna. Duk ɗigon da ya faɗo a hanyar sai ya rabu, wannan ya yi hagu wannan ya yi dama, ya faɗa lambatu ya wuce. Da aka ɗauke, gonaki duk sun nutse, hanya kuwa har ta fara bushewa.

Ya ce, "Kakanninmu in ambaliya ta zo bayan kififfiya suke hawa. Suka daɗe suna hawa kafin wani ya lura bai taɓa zama a kan jiƙaƙƙen wuri ba. Ruwa mai wucewa ba ya cin hanya, 'yata. Wanda ya kwana shi ke ci."

Na tuna ludayin Gwaggo, da guɗar da muka yi a wuri goma. Ashe da hannunmu muka yi wa ruwa shimfiɗa. Na zauna a tsakiyar hanyar na yi kukan da ban yi ba tun fitowata. Da na gaya masa labarina sai ya tafi ya yi magana da wata mata mai kiwon kififfiya. Washegari aka ɗora ni a bayan wata da ke gangarawa yamma neman wurin ƙwai. Kwana tara ina zaune a kan doronta ina riƙe da igiya, in ta so nutsewa in buga mata madaɓi sau uku kamar yadda aka koya mini. Sau ɗaya ta ƙi ji, ruwa ya kai mini wuya kafin ta taso. Ta sauke ni tafiyar kwana shida daga gida.

Na iso da saura wata biyar. Ban ko sha ruwa ba na tara mata na zana musu a ƙasa: kara a gicciye hawa uku, fasasshen dutse, jar ƙasa da makuba a sama, sannan doro.

Gwaggo ta ce, "Sake faɗin na ƙarshen."

"Doro, Gwaggo. Tsakiya a tashe."

"Wata shida kina yawon duniya, abin da kika koyo ke nan? Ɓata aiki? Ai wannan ko makauniya ta iya, ba sai an je gabas ba." Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce a bari in haifi 'ya in aurar, a yi mata irinsa, gado ya riƙa gangarowa bakin ƙofa.

Na ce, "Gwaggo, ruwan da ya tsaya shi ya cinye ta farko."

"Shekara arba'in ina daɓe, ba a taɓa samun tudu a bayana ba. Kina so fatake su shigo garin nan su ce Tabawa ta tsufa?"

Na durƙusa na kama ƙafarta na ce, "Ba ɗaki nake roƙo ba. Mutum nake roƙo."

Ta janye ƙafarta ta ce, "Tashi, kada ki tara mini jama'a." Aka fara aiki.

Maza suka fasa dutse suka yanko kara, mu muka yi bugu. Hannun mata ya ƙi doro. Da na juya baya sai su baje shi ba da niyya ba, sai na dawo na sa a sake. Muka yi ta ci gaba cikin fadama taku bayan taku, zafin bazara na gasa mu. Da hanya ta yi nisa na daina komawa gida, ina kwana a tsibiri. Gwaggo ta ce gwiwarta ba ta kai ta can, za ta zauna ta ƙarasa gyaran bakin gari. Na yarda, ban kawo komai a raina ba.

Ran da muka haɗe hanya da tsibiri da daddare aka yi ruwan farko, aka wayi gari ana yi. Mutanen tsibiri suka ɗaure kayansu, a karon farko suka fita da kaya a kai. Muka kwantar da Mai-zuma a amalanke muka rufa masa tabarma, mu shida muna turawa. Fadama ta jiƙe hagu da dama tana ɓulɓula, hanya na lanƙwasa kaɗan a ƙarƙashinmu kamar gadon kara, amma ta riƙe.

Ya leƙo daga tabarma ya ce, "Tasalla, a karkace nake."

Na ce, "Haka aka yi ta. Rufe kanka."

Da azahar muka ji wani ruri a bayanmu. Tsohuwa mai taru ta waiwaya ta ce, "Gulbi ne. Bana ya yi sammako." Muka ƙara ƙarfi.

Muna hango rufin ɗakunan garinmu sai na ga hanya ta ɓace. Taku ɗari na ƙarshe ruwa ne kwance a kai, shar, ko motsi ba ya yi. Gwaggo ta baje doron, ta daɓe wurin sumul, har ta yi masa ɗan dakali gefe da gefe kamar na ɗakin amarya. Ban taɓa ganin daɓe mai kyansa ba. Na sa ƙafa, yatsuna suka shige. Ya fara laushi. In muka tura amalanke a kai zai kafe, in muka tsaya gulbi na tafe, har ya fara lasar gefen hanya a bayanmu.

Gwaggo na tsaye a ɗaya bakin da sauran mata, ruwa na zuba a kanta. Muka dubi juna.

Mai-zuma ya ɗaga tabarma ya ce, "Gwaggo, ina wuni? Ga ni na zo gaishe ki, an ce sai na yi iyo."

Ta fizge fartanya daga hannun wani, ta shigo ruwan har idon sawu, ta ɗaga ta sara dakalinta. Ta sake sara. Ta tsaga daɓen daga tsakiya zuwa gefe, ruwa ya samu ƙofa ya bi. Ta juya ta ce wa mata, "Kallon me kuke yi? Ku fasa! Duk taku biyar ku tsaga!" Suka shigo da fartanyoyi da madaɓai, masu kuka na yi masu salati na yi. Maza suka kwaso ragowar fasasshen dutse a kwanduna suna zubawa a sawun da ƙafar amalanke za ta bi. Gwaggo ta yar da fartanya ta zo ta sa kafaɗa kusa da tawa.

Ta ce, "Tura, 'yar banza. Kin tsaya kina kallona."

Sau biyu ƙafar ta kafe, sau biyu muka ɗaga. A na uku na ji tsakuwar gari a ƙarƙashin tafin ƙafata. Na waiwaya, ban ga tsibiri ba, sai kan rimi.

Aka kewaye amalanke ana barka. Ni kuwa na zauna a laka na jingina da ƙafar amalanken. Mai-zuma ya laluba ya sami kaina, ya bar hannunsa a nan. Ya daɗe yana duban hanyar da muka biyo, sannan ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Ashe garin nan kusa ne."

Ƙafafunsa ba su tashi ba har yau. Hanya kuwa an kai ta garuruwa goma sha ɗaya. Iyakar abin da na gani ke nan, abin da na manta Allah ya yafe mini, mai tafiya kuma Allah ya kai shi inda ake jiransa.